Shirya Muryoyin Fiyano Kafin Shiga Filin Biki

Idan kaka ta yi a ƙasar Dambam, aka girbe gero da dawa aka kai rumbu, to, lokacin bukukuwan aure ya kama. Daga Dambam zuwa Dagauda da Jalam, har ka dangana da Azare, hedikwatar masarautar Katagum, da wuya mako ya wuce ba ka ji lasifika tana tashi a wata unguwa ba. In ka matsa kusa, sau da yawa ba za ka tarar da tarin makaɗa da ganguna a kafaɗa ba. Saurayi guda za ka gani tsaye a bayan wani dogon akwati mai madannai farare da baƙaƙe, ga mawaƙi da 'yan amshi a gabansa. Wannan akwati shi ake kira fiyano. Sunan aro ne daga Turanci, amma ya bambanta da babban fiyanon katako na Turawa. Wannan na lantarki ne, yana da ƙwaƙwalwa irin ta kwamfuta, kuma cikinsa cike yake da muryoyin kayan kiɗa ɗaruruwa. A wannan darasi za ka ga yadda makaɗi yake zaɓen muryoyin nan, ya gyara su, ya jera su tun yana gida, domin kada ya ji kunya a bainar jama'a.

Fiyano bai daɗe a kiɗan Hausa ba. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da kalangu aka san shi. Ɗan Maraya Jos da kuntigi, Musa Ɗanƙwairo da kotso, Barmani Coge kuwa da ƙwarya. A shekarun 1990 ne masu shirya finafinan Hausa a Kano suka rungumi fiyano, musamman samfurin PSR na kamfanin Yamaha. Sitidiyon Iyan-Tama yana cikin na farko-farko da suka yi aiki da shi, kuma waƙoƙin fim irin su Sangaya suka kai amonsa kowane lungu. Daga nan aka sami kiɗan da ake kira nanaye, sannan fiyano ya fito daga sitidiyo ya shiga filin biki da taron siyasa.

Sai dai ka lura, sitidiyo daban, fili daban. A sitidiyo in makaɗi ya yi kuskure, sai a tsaya, a goge, a sake. Yana iya ɓata rabin sa'a yana neman muryar da ta dace da baiti guda. A fili babu wannan dama. Amarya ta taso, ƙawayenta sun rufa mata baya, mawaƙi ya buɗe baki. In a wannan lokaci makaɗi ya duƙa yana laluben murya, fili zai yi tsit, mawaƙi ya juyo yana hararsa, kuma mai biki na gaba ba zai neme shi ba.

Bari mu leƙa cikin akwatin. Yawancin fiyanon da ake fita da shi biki yana da madannai 61. Manyan kamfanonin da suke ƙera shi, wato Yamaha da Korg da Roland da Casio, duk na ƙasar Japan ne. A 1983 masu ƙera kayan kiɗan lantarki suka fito da wata ƙa'ida mai suna MIDI, wadda take sa na'urorinsu su fahimci juna. A 1991 aka ƙara mata jerin muryoyi 128, kowace da lambarta, yadda murya ta ɗaya a fiyanon wannan kamfani ita ce ta ɗaya a na wancan. In ka bi jerin nan daga farko har ƙarshe, za ka sami jita da sarewa iri-iri da kayan kiɗan Indiya da na Japan. Ba za ka sami kalangu ko algaita ko gurmi ko kukuma ba. Fiyanon zamani ya ninka wannan adadi sau da yawa, amma har yanzu makaɗin Hausa aro yake yi. Yakan ɗauki muryar shanai, wata abar busa ta Indiya, ya mayar da ita algaita. Yakan ɗauki muryar gogen Turawa ya nufi kukuma da ita, ya ɗauki banjo ya nufi gurmi ko kuntigi.

Saboda haka aikin farko shi ne tankaɗe. Cikin ɗaruruwan muryoyi, goma zuwa goma sha biyar sun ishi biki guda. Mai koyo yakan so ya nuna wa jama'a duk abin da fiyanonsa ya ƙunsa, ya yi ta sauya murya a kowane baiti. Wannan yana gajiyar da kunne, yana kuma rikita 'yan amshi. Kuma kada ka zaɓi murya da abin saurare na kunne kawai. Muryar da take da zaƙi a ɗaki tana iya ɓacewa a fili, inda iska take kwashe sauti, janareto yana ruri, yara suna ihu. Ka jona fiyanon da lasifikar da za a fita da ita, ka sa wani ya danna, kai kuma ka koma nesa ka saurara.

Bayan tankaɗe sai gyara, kuma a nan ne gwani yake bambanta da ɗan koyo. Kowace murya tana da kai da wutsiya. Kai shi ne yadda take farawa idan an danna madanni, wutsiya kuwa yadda take mutuwa idan an ɗaga yatsa. Gurmi yana farawa da kaifi, ya mutu nan da nan, don haka in kana son banjo ya yi kama da shi, sai ka gajarta wutsiyarsa, ka rage masa ƙarar ƙarfe. Algaita kuwa ba ta yankewa, domin mai busa ta yakan tara iska a kumatu, yana shaƙar wata ta hanci, amon yana ci gaba. To, muryar da za ta tsaya a madadinta dole ta riƙe ƙarfinta muddin yatsa yana kan madanni. Akwai kuma amsa-kuwwa, wadda kamfani yakan zuba wa muryoyi da yawa don su burge mai saye a kanti. A fili tana cakuɗa kiɗa da kalmomin mawaƙi, alhali a waƙar Hausa magana ita ce gaba. Mutumin da ake yi wa kirari sunansa da na kakanninsa yake son ji. Rage amsa-kuwwar, ka bar kaɗan. Daga ƙarshe ka daidaita ƙarfin muryoyin duka, kada ka bar sarewa tana raɗa, algaita kuma tana fasa kunne, har mai kula da lasifika ya rasa inda zai tsayar da ita.

Kalangu shi ne mafi wuyar kwaikwayo, kuma dalilin yana cikin harshen da kake koyo. Ka san Hausa tana da karin sauti. Kalmar "wuya" in ka fara ta da sautin sama ka sauka, gaɓar jiki ce. In ka fara da sautin ƙasa ka hau, wahala ce. Makaɗin kalangu yana matse tsirkiyoyin gangarsa a hammata, fata ta ɗame, amo ya hau, ya saki, amo ya sauka. Ta haka ganga take bin hawa da saukar magana, har mai sauraro ya gane taken wane ake kaɗawa. A gefen hagu na fiyano akwai wata 'yar taya da ake murzawa da babban yatsa, tana lanƙwasa sauti sama ko ƙasa. Daga kamfani takan zo da taki biyu kacal, amma ana iya faɗaɗa ta. In aka ɗora ta a kan muryar ƙaramar ganga, ana samun abin da ya yi kusa da kalangu. Kusa kawai, domin dattijon da ya tashi da jin kalangu ba zai ruɗu ba. Shi ya sa wasu mawaƙa suke tafe da makaɗin kalangu na gaske tare da mai fiyano, kuma wannan ya fi armashi.

Manyan samfura suna ba da wata hanya: a naɗi bugun kalangu ko busar algaita na ainihi, a loda a cikin fiyano, a raba wa madannai. Amon yakan fito da kyau ƙwarai. Amma ka tuna hannun wani ne aka naɗa, mutumin da ya gaji sana'ar kaka da kakanni, wanda kuma fiyanon nan ya riga ya rage masa kasuwa. Ya kamata a nemi izininsa, a biya shi haƙƙinsa.

Mutum guda yana iya zama makaɗa uku saboda dabaru biyu. Ta farko ita ce raba madannai gida biyu: hannun hagu ya riƙe kauri, yana kuma jan salon ganguna da fiyano yake bugawa da kansa, hannun dama ya bi karin waƙa. Ta biyu ita ce goyo, wato a ɗora murya a bayan wata, a danna madanni guda su fito tare, kamar sarewa da goge. Goyo yana cika fili, amma yana da iyaka. Ƙaramin fiyano sautuka 32 ko 48 yake iya fitarwa a lokaci guda, babba kuwa 128. In aka wuce haka sai ya riƙa haɗiye wasu.

Duk wannan gyara banza ne in ba a adana shi ba. A saman madannai akwai jerin maɓallan ajiya, takwas a manyan PSR, huɗu a wasu ƙanana. Kowane maɓalli yana riƙe da komai a dunƙule: muryar dama, muryar hagu, salon ganguna, saurin kiɗa da tsayin murya. Dannawa guda, duk su sauya. Maɓallan nan kuma ana tara su rukuni-rukuni, kowane rukuni da sunansa.

Yaya za ka jera su? Wasu sukan jera bisa nau'in kaya, busa a nan, tsirkiya a can. Wannan tsarin kanti ne. Tsarin fili shi ne ka bi yadda bikin zai gudana. Ka zauna da mawaƙi, ku rubuta waƙoƙin bi da bi, ka ba kowace waƙa rukuninta, ka sa mata sunan da kuke kiranta da shi. A cikin kowane rukuni kuma, ka sa maɓallan su riƙa aiki iri ɗaya. Misali, na ɗaya buɗewa, na biyu baitin mawaƙi da kiɗa a ƙasa-ƙasa, na uku amshi, na huɗu rawa. In ka saba da haka, yatsanka zai je wurin ko da wuta ta ɗauke a kan allon.

Ka ware maɓalli guda don liƙi. Idan wani babban mutum ya shigo fili, waƙar minti biyar tana iya kai minti ashirin. Mawaƙi zai bar baitocin da kuka shirya ya koma kirari, sanƙira yana zuga. A nan ganguna kaɗai ake so da ɗan kauri, suna juyawa ba yankewa, babu sarewar da za ta yi gasa da bakin mawaƙi. Haka kuma a gari irin Dambam, inda Hausawa da Fulani da Karekare da Barebari suke zaune tare suna auratayya, dangin ango suna iya neman irin nasu kiɗan. Ka tambaya tun kafin ranar, ka tanadi rukuninsu. Ka kuma san inda maɓallin tsayarwa yake ba tare da dubawa ba, domin in aka kira salla, take ake yin shiru.

Akwai tarko guda da yake kama ko da waɗanda suka daɗe a sana'ar. A lokacin hunturu, ga ƙura ga sanyi, muryar mawaƙi takan dushe idan dare ya yi. Sai ya yi maka alama ka sauke kiɗan taki ɗaya ko biyu, kuma fiyano yana da maɓallin yin haka. Amma da zarar ka danna maɓallin ajiya na gaba, kiɗan zai koma tsayin da ka adana a gida, mawaƙi ya tsinci kansa a ƙasa kiɗa yana sama. Maganin wannan shi ne maɓallin kulle, wanda yake hana abin da ka zaɓa sauyawa. Ka saita shi tun a gida ya riƙe tsayin murya da saurin kiɗa.

Saura wuta da ƙura. Janareto yana iya mutuwa ana tsakiyar rawa, kuma duk gyaran da ba ka adana ba ya tafi. Wutarsa kuma tana hawa da sauka, don haka a sa na'urar daidaita wuta a tsakani. Ka kwafe rukunanka a filashi biyu, ɗaya a aljihu, ɗaya a gida. Ka rufe fiyano da mayafi in ba a kiɗa, domin ƙura in ta shige ƙarƙashin madanni sai ya daina amsawa.

Matasa da yawa ba su mallaki fiyano ba, haya suke ɗaukowa. In kana cikinsu, filashin nan shi ne jarinka. Sai dai abin da aka adana a Yamaha ba ya buɗewa a Korg, kuma ko a cikin Yamaha, wani samfurin ba ya karanta na wani yadda ya kamata. Ka tambayi lambar samfurin kafin ka biya kuɗin haya. Ranar biki ka isa fili tun kafin la'asar, ka loda rukunanka, ka kira mawaƙi ya riƙe makirfo, ku bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya tun kujeru ba kowa.