Hukuncin Sallar Malamin Jami'a Da Ya Tafi Zaman Bincike Na Shekara Guda A Turai

Tambaya: Ni malamin jami'a ne, an ba ni hutun bincike na shekara guda, zan yi shi a Jami'ar Edinbura da ke arewacin Birtaniya. Shin ƙasaru zan riƙa yi tunda ba garina ba ne? Kuma na ji lokutan sallarsu suna da wahala, yaya zan yi?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ɗan'uwa, da zarar ka shiga garin da niyyar zaman shekara, hukuncin tafiya ya yanke maka, ka zama mazauni. A mazhabar Malikiyya niyyar zaman kwana 4 cikakku tana yanke ƙasaru, Shafi'iyya da Hanbaliyya suna kusa da haka, Hanafiyya kuma suka ce kwana 15. Gaskiya ne Annabi (SAW) ya yi ƙasaru kwana 19 a Makka shekarar buɗe ta, ya yi kwana 20 a Tabuka, amma mafi yawan malamai sun ɗauki wannan a kan wanda bai san ranar tashinsa ba. Kai kuwa ka kama haya, an ba ka ofis, ka san watan dawowarka. Akwai malaman da suka faɗaɗa wa irinka, sai dai cika salla shi ne abin da ya fi kuɓutar da wuya. Haka Juma'a tana kanka, azumi ma yana kanka.

Inda aikin yake shi ne lokuta. A watan Disamba rana tana fitowa a Edinbura wajen ƙarfe 8:40 na safe, ta faɗi wajen 3:40 na yamma. Ka ga Azahar da La'asar da Magariba duk za su riske ka a wurin aiki, kuma La'asar tana shiga tun kafin ƙarfe 2. Wanda ya ce sai ya koma gida zai yi salla, kullum ramuwa zai yi. Don haka tun makon farko ka nemi wurin salla da wurin alwala, ka tsara ganawarka da darussanka a kan jadawalin masallaci. Allah Ya sauƙaƙa maka ta nan, domin babban masallacin garin, wanda aka buɗe a 1998, yana kan titin Potterrow, dab da gine-ginen jami'ar. Idan ka sa safa mai kauri da alwala, malamai da yawa sun halatta shafa a kanta yini da dare ga mazauni, ko da yake Malikiyya sun taƙaita shi ga huffin fata.

A watan Yuni kuma abin juyawa yake yi. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, ta fito wajen 4:30, kuma akwai makonnin da hasken shafaƙi ba ya gushewa sosai har alfijir ya riske shi. Alamar Isha'i ke nan ta ɓace. Salla ba ta faɗuwa saboda haka. Malamai sun kafa hujja da hadisin Dujal da ke cikin Sahihu Muslim, inda aka umarci sahabbai da ƙaddara lokutan salla a ranar da ta yi tsawo. Majalisar Fatawa ta Turai ta kuma halatta haɗa Magariba da Isha'i a irin waɗannan kwanaki idan akwai matsi, bisa hadisin Ibnu Abbas cewa Annabi (SAW) ya haɗa salla a Madina don kada ya ƙuntata wa al'ummarsa. Shawarata ita ce ka bi jadawalin masallacin da kake salla a cikinsa. Za ka tarar manhajojin waya sun saɓa wa juna, kada ka riƙa zaɓen wanda ya fi maka daɗi a kowane dare. Ka lura kuma suna ƙara wa agogo awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, su mayar da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba.

Wani abu da ake yawan mantawa: mu a gida mun saba alƙibla gabas ce, har mukan ce mutum ya fuskanci gabas. A can kudu maso gabas take. Ka tabbatar da ita a ɗakinka tun daren farko.

Wajen neman gida, ka fifita wanda za ka iya takawa zuwa masallaci a kan mai araha da ke nesa, domin a hunturu duhu da sanyi suna karya himma, kuma a masallacin ne za a nuna maka mahautan halal. A kanti ka riƙa karanta bayanin da ke jikin kaya saboda alade da giya. Idan abokan aiki suka gayyace ka mashaya, ka ba da uzuri cikin mutunci, ka gayyace su shayi ko abincin rana. Idan kuma ba za ka tafi da iyali ba, ka nemi yardar matarka a kan wannan doguwar rabuwa, ka bar mata abin da zai ishe ta, domin haƙƙinta ba ya tafiya hutu tare da kai.

Allah ne Mafi sani.