Tsadar Kuɗin Shiga Gasar Gudun Fanfalaki: Bayani Ga Matasa Da Jami'an Ƙananan Hukumomin Ƙasar Haɗejia

Duk wanda ya taɓa halartar kokawa ko dambe a garuruwan ƙasar Haɗejia bayan kaka ya san cewa ba a karɓar ko kwabo daga hannun ɗan wasa. Ɗan kallo ne ke biya a bakin ƙofa idan filin mai shinge ne, masu hali kuma su yi kari ga makaɗa da wanda ya yi kaye. Saboda haka ba abin mamaki ba ne matashi daga Malam Madori ko Kaugama ya riƙe baki idan aka shaida masa cewa a gasar gudun fanfalaki mai gudu shi ne ke biya, kuma a wasu ƙasashe abin da yake biya ya zarce albashin ƙaramin ma'aikaci na wata shida. An shirya wannan bayani ne domin a fayyace wa jama'a inda wannan kuɗi ke tafiya, da kuma abin da ya kamata jami'an ƙananan hukumomi su lura da shi idan wata ƙungiya ta zo da buƙatar shirya irin wannan gasa a yankinsu.

Gudun fanfalaki cikakke tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195. Akwai rabinsa mai kilomita 21, akwai kuma na kilomita 10 da na kilomita 5. Mafi yawan waɗanda ke shiga ba sana'arsu ba ce gudu. Malaman makaranta ne da 'yan kasuwa da ma'aikata da ɗalibai, waɗanda ke yi domin lafiyar jiki ko sha'awa, ba su kuma sa ran cin kyauta. Su ne tsadar ta fi shafa, domin ƙwararren ɗan gudu sau da yawa gayyatarsa ake yi, a biya masa kuɗin jirgi da masauki.

Yadda abin ya faro

A shekarar 1970 aka gudanar da gudun fanfalaki na farko na birnin New York a ƙasar Amurka. Mutum 127 suka shiga, kowanne ya biya dala ɗaya, aka yi ta zagaya wani babban lambu da ke tsakiyar birnin, 55 suka kai ƙarshe. A shekarar 2024 waɗanda suka kammala wannan gasa sun haura 55,000, kuɗin shiga kuwa ya kai dala 315 ga wanda ba ɗan ƙungiyar da ke shiryawa ba. Idan aka lissafa a kan canjin kimanin naira 1,500 kowace dala, kamar yadda ya kasance a wannan shekara, kuɗin ya haura naira 470,000, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Nijeriya a 2024 naira 70,000 ne.

Babban dalilin da ya sa nauyi ya faɗa kan mai gudu shi ne titi ba shi da ƙofa. Ba za a iya kewaye hanya mai tsawon kilomita 42 da zana a tsayar da mai karɓar kuɗi ba. Mutum zai fito ƙofar gidansa ya yi kallo ya koma, babu wanda zai tambaye shi tikiti. Tun da haka ne, ɗawainiyar ta rage wa mutum uku: gwamnati, ko kamfani mai neman a tallata hajarsa, ko kuma mai gudun kansa. Duk abin da biyun farko suka ƙi ɗauka, a wuyan na ukun yake sauka. Wannan shi ne ainihin ma'anar kuɗin shiga.

Inda kuɗin ke tafiya

Abu na farko shi ne rufe hanya. Dole a tsayar da motoci na tsawon sa'o'i, a sa jami'an tsaro a kowace mararraba. A birnin New York an yi babban ƙarin kuɗin shiga a 2012, masu shiryawa kuma suka danganta shi da cewa hukumar 'yan sandan birnin ta fara cajin kuɗin kula da zirga-zirga a ranar gasar. Sai kuma harkar lafiya, wadda ba a yi mata rowa. Ana buƙatar likitoci da ma'aikatan jinya da motar ɗaukar marasa lafiya, domin mutum na iya yanke jiki ya faɗi saboda zafi ko ƙishirwa ko ciwon zuciyar da bai san yana da shi ba. Ƙa'idar hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta tanadi a samar da wurin shan ruwa a kusan kowane kilomita biyar.

Akwai kuma ɗawainiyar da idon ɗan kallo ba ya gani. Kafin a amince da lokacin da mutum ya yi gudu a matsayin sahihi, sai ƙwararren ma'auni mai lasisi ya bi hanyar a kan keke mai ɗauke da na'urar ƙirga juyawar taya, ya tabbatar da tsawonta. Lambar da ake maƙala wa mai gudu a ƙirji tana ɗauke da wata ƙaramar na'ura da ke sanar da kwamfuta lokacin da ya tashi da lokacin da ya iso. Irin waɗannan kaya daga waje ake shigo da su, da dala ake sayensu, kuma tun da darajar naira ta faɗi daga tsakiyar 2023 farashinsu ya ninka. Haka nan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya ɗaga kuɗin jigilar ruwa da rumfuna da ma'aikata. Ga kuma inshora. Gasar New York ta 2012 da aka ambata ba a ma gudanar da ita ba, saboda guguwar da ta afka wa birnin kwanaki kaɗan kafin ranar, bayan an riga an kashe maƙudan kuɗi. Mutanen bakin kogin Haɗejia, waɗanda suka ga yadda ambaliyar 2022 ta yanke hanyoyi tsakanin garuruwa, ba sa buƙatar dogon bayani a kan yadda shiri ke rushewa cikin dare ɗaya.

Wani abu da ya kamata jami'ai su fahimta shi ne yawancin waɗannan kuɗaɗe ba sa raguwa don masu gudu sun yi kaɗan. Motar asibiti ɗaya kuɗinta ɗaya ne, ko mutum hamsin ke gudu ko ɗari biyar. A ɗauka, domin misali kawai, shirin gasa ya ci naira 1,000,000. Idan mutum 1,000 suka shiga, kowa naira 1,000 ta same shi. Idan 100 ne kacal, kowa sai ya biya 10,000. To da zarar an sa 10,000, da wuya ma ɗarin su cika, sai tsada ta haifi ƙarancin jama'a, ƙarancin jama'a kuma ya ƙara tsada. A nan ƙananan gasanni da yawa ke mutuwa.

Sai dai a faɗi gaskiya, ba duk tsadar ce ta dole ba. Wani ɓangare ciniki ne tsagwaronsa. Sama da mutum 800,000 suka nemi gurbi a gasar birnin Landan ta 2025, waɗanda suka kammala kuwa ba su kai 60,000 ba. Inda masu nema suka yi wa gurbi irin wannan yawa, babu abin da zai tilasta wa mai shirya gasa sauƙaƙa farashi sai ganin damarsa. Gasar Ironman, wadda ta haɗa iyo da tseren keke da gudu, ta faro ne a tsibirin Hawai a 1978 da mutum 15. A 2015 wani kamfanin ƙasar Sin mai suna Wanda ya sayi kamfanin da ke shirya ta a kan dala miliyan 650, kafin ya sake sayar da shi a 2020. Wanda ya zuba irin wannan jari riba yake nema, daga aljihun 'yan gasa kuma za ta fito. Haka zalika ana cusa wa mai gudu riga da jaka da lambar yabo da hotuna, a haɗa kuɗinsu cikin rajista, ko yana so ko ba ya so.

Halin da ake ciki a Nijeriya

A ƙasarmu manyan gasanni sun tashi ne a kan kafaɗar gwamnatocin jihohi da kamfanoni. Gwamnatin Kuros Riba ta fara tseren hawan dutsen Obudu a 2005. An fara tseren kilomita 10 na garin Okpekpe a Jihar Edo a 2013, sannan gudun fanfalakin birnin Legas a watan Fabrairu na 2016, wanda bankin Access ya ɗauki nauyinsa tare da gwamnatin jihar, aka kuma yi rajistar shiga kyauta a wancan karo. Jihar Kaduna ta gudanar da nata na kilomita 21 a watan Nuwamba na 2020. Wannan tsari ya sauƙaƙa wa talaka, amma yana da nasa rauni, domin gasar da ta dogara ga baitulmali tana tsayawa ranar da aka daina ware mata kuɗi. Tseren Obudu ya yi shekaru ba a gudanar da shi ba bayan ya yi suna har a ƙasashen waje.

Ga matashin Malam Madori kuwa, ko da an ce rajista kyauta ce, gasar ba kyauta ba ce. Tsakaninsa da Legas akwai tafiyar sama da kilomita 1,000. Zai biya mota zuwa Kano, daga Kano zuwa Legas, ya nemi wurin kwana da abinci, ya sayi takalmin gudu ko da na gwanjo ne, sannan ya bar gonar rani ko sana'arsa ta kusan mako guda. Rajistar ma ta intanet ake yi, wadda ke buƙatar waya mai kyau da data. A ganina wannan ita ce tsadar da ta fi hana 'ya'yan karkara shiga, kuma ba ta bayyana a kan kowace takardar rajista. Yaron da ya saba bin shanu a fadama ko tafiyar ƙafa zuwa kasuwar mako yana da juriya, abin da ya rasa shi ne gasa a kusa da gida inda za a auna shi. Matasan Jihar Filato, musamman na yankin Pankshin, sun daɗe suna yin fice a gudun dogon zango a ƙasar nan, kuma ba daga gidajen attajirai suka fito ba.

Abin da ƙaramar hukuma za ta iya yi

Akwai misali mai amfani daga Ingila. A 2004 wasu mutum 13 suka fara haɗuwa a wani lambu a Landan suna gudun kilomita 5 kowace Asabar da safe, ba kuɗin shiga, ba kyauta, masu aikin sa-kai ke riƙe agogo. Tsarin, wanda ake kira parkrun, ya bazu zuwa ƙasashe da dama, ciki har da Afirka ta Kudu. Sirrin araharsa shi ne ya kauce wa babban titi, ya kuma watsar da ƙyale-ƙyale.

Ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗejia, wato Haɗejia da Malam Madori da Kaugama da Auyo da Kafin Hausa da Birniwa da Guri da Kirikasamma, duk suna da abin da irin wannan gasa ke buƙata. Zaɓen hanya shi ne rabin aiki. Idan aka ɗora gasa a kan titin da ya haɗa Haɗejia da Gumel ta Malam Madori, sai an tsayar da manyan motoci, an nemi izini da jami'ai masu yawa. Idan aka zaɓi hanyar burji tsakanin ƙauyuka biyu, ko aka zagaya filin makarantar sakandare, 'yan sintiri da dagatai da masu unguwanni sun isa kula da ita, tare da sanar da ofishin 'yan sanda na yanki. Lokaci ma yana rage kuɗi. Gudun da aka fara da sanyin safiya a watan Disamba ko Janairu bai kai na watan Afrilu cin ruwa da haɗari ba, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a wannan yanki. Damina kuwa a bar ta, saboda aikin gona da yankewar hanyoyi. Riga da lambar yabo ana iya haƙura da su, agogon hannu da littafin rubuta sunaye sun wadatar a gasar kilomita 5 ko 10. Ruwan sha mai tsabta da ma'aikacin lafiya da mota a tsaye domin kai mutum asibiti su ne ba a taɓawa, ko da kuwa su kaɗai kuɗin zai iya ɗauka.

Idan kuma wata ƙungiya ko wani kamfani ya nemi izinin shirya gasa tare da karɓar kuɗi daga jama'a, ya dace jami'in wasanni ya nemi a kawo masa lissafi a rubuce kafin a sa hannu. A nuna nawa masu ɗaukar nauyi suka bayar, nawa za a kashe a kan lafiya da ruwa, nawa ne kyaututtuka, kuma me za a yi da kuɗin mutane idan aka fasa gasar. Bugu da ƙari a tabbatar ana ba kowa rasit, ana kuma karɓar rajista hannu da hannu a sakatariya ko ofishin hakimi domin waɗanda ba su da intanet. Inda ƙaramar hukuma ta ba da motar asibiti da ma'aikatanta kyauta, tana da hurumin gindaya sharaɗi, kamar a yafe wa ɗaliban makarantun gwamnati kuɗin shiga, ko a ware wa kowace mazaɓa gurabe na kyauta waɗanda kansila da dagaci za su sanar da sunayen waɗanda suka samu a bainar jama'a.