Tsakanin Ajiya da Ɓoyo: Koyar da Yara Bambancin “Ajiye” da “Ɓoye” a Ƙasar Birnin Gwari

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi aikatau biyu na Hausa, wato ajiye da ɓoye, waɗanda yara kan cakuɗa su, manya ma kan yi musanyarsu a maganar yau da kullum. An nuna cewa sigar nahawu ba ta raba su, abin da ya raba su shi ne samuwar wani mutum da ake tsare wa gani ko sani. An ɗora bayanin a kan yanayin ƙasar Birnin Gwari, inda rashin tsaro ya sa ɓoyo ya zama darasin da yaro ke fara koya tun daga gida.

1.0 Gabatarwa

Birnin Gwari na yammacin Jihar Kaduna, tana iyaka da jihohin Neja da Zamfara da Katsina. A cikinta dajin Kamuku yake, wanda aka keɓe tun 1936, aka mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,120. Shi kansa dajin ya isa misali ga wannan nazari: hukuma ta keɓe shi ne don ya zama ajiya, wurin adana itatuwa da namun dawa, amma a bakin mutanen yankin ya koma maɓoyar 'yan bindiga. Yaron da aka haifa a Kuyello ko Randagi ko Dogon Dawa cikin shekarun nan ya fi jin “ɓoye” a kan “ajiye”. An ɓoye babur, an ɓoye waya, an ɓoye 'yan buhunan masara, shi ma an ce masa in ya ji harbi ya ruga ya ɓuya. Ranar 15 ga Maris 2021 da aka kai hari makarantar firamare ta Rama aka tafi da malamai uku, gwamnatin jiha ta sanar cewa ba a tafi da ɗalibi ko ɗaya ba, domin yaran sun watse sun tsere. Ke nan ba za a ce wa irin waɗannan yara ɓuya mugun abu ne ba. Tambayar ita ce yadda malamin Hausa zai koya musu iyakar kowace kalma, ba tare da ya rushe abin da ke tsare rayukansu ba.

2.0 Abin da Nahawu Ya Bayar

A tsarin rukunan aikatau na Parsons (1960), ajiye da ɓoye duka 'yan rukuni na 4 ne, masu ƙarewa da wasalin -e, kuma duka suna ɗaukar karɓau. Haka nan suna tsirar da kalmomi ta hanya iri ɗaya: ajiya da ɓoyo, ajiyayye da ɓoyayye, ma'ajiya da maɓoya. Saboda haka yaron da ya dogara da siga kawai ba shi da abin da zai raba su da shi. Wuri ɗaya ne nahawu ya nuna bambanci a fili: ɓoye yana da ɗan'uwa ƙi-karɓau, wato ɓuya, wanda Newman (2000) ya sanya cikin ƙaramin rukunin da ya ƙunshi kwana da tsira da ƙaura. Mutum na iya ɓuya da kansa, amma ajiye ba shi da irin wannan takwara. Abu ake ajiyewa, kuma sai da mai ajiye shi.

3.0 Inda Ma'ana Ta Rabu

Ajiye yana bukatar mai aiki da abu da wuri, kuma hankalinsa na kan lokaci: an sa abu a wani waje don a same shi nan gaba. Ɓoye yana bukatar duk waɗannan, sannan ya ƙara mutum na daban, wanda ake so kada idonsa ko saninsa ya kai ga abin. Dubi waɗannan jimloli:

(1) Na ajiye fartanya a zaure, kowa ya gani.
(2) *Na ɓoye fartanya a zaure, kowa ya gani.
(3) Tumatir ba ya ajiyuwa.
(4) Ciki ba ya ɓoyuwa.

Jimla ta (1) daidai take. Ta (2) tana tufka da warwara, sai fa in ana nufin ɓoyon bai yi nasara ba. Jimloli na (3) da (4) sun nuna abin da ke ɓata kowannensu: ajiya kwanaki ke cinye ta, ta hanyar ruɓa ko gara ko ƙwari, ɓoyo kuwa ido ke karya shi. Kishiyoyinsu ma sun bi wannan layi, domin abin da aka ajiye ɗauko shi ake yi, wanda aka ɓoye kuwa tono shi ake yi ko a bayyana shi. Karin magana ya riƙe bambancin da kyau. “Da tsohuwar zuma ake magani” yabon ajiya ne, “ranar wanka ba a ɓoyon cibi” kuwa magana ce a kan ranar da idon wani ya zama dole.

Rumbu shi ne misalin da ya fi kusa da ɗan manomi. Rumbu ajiya ce tsantsa: yana tsaye a fili, maƙwabci ya san na wane ne, har ana auna wadatar gida da yawansa. Abin da ake tsare hatsi daga gare shi ruwa ne da ɓera da dabbobi. Amma a inda 'yan bindiga ke ɗora wa manoma haraji kafin girbi, kamar yadda ƙungiyar ci gaban masarautar, BEPU, ta sha kokawa, cikakken rumbu ya zama talla. Sai hatsi ya koma buhu, buhu ya koma ƙuryar ɗaki ko gidan dangi a cikin gari. Aikin bai sauya ba, hatsi ake tanadi don bazara, amma kalmar ta sauya tun da an sami wanda ake gudun ya gani.

3.1 Matsalar “ɓoye mini”

A nan ne abin ya fi rikitar da yaro, kuma laifin ba nasa ba ne. Kaikaitaccen karɓau a Hausa yana iya nuna wanda aka yi wa alheri, yana iya nuna wanda aka cutar:

(5) Inna ta ajiye mini tuwo.
(6) Inna ta ɓoye mini tuwo.
(7) Yaya ya ɓoye mini takalmi.

Ta (5) fassara ɗaya take da ita. Ta (6) a yawancin gidaje ma'anarta ɗaya da ta (5), har ma ta fi ta nuna ƙauna, domin ta nuna an kare tuwon daga sauran yara. Ta (7) kuwa tana da fuska biyu: ko yayan ya adana takalmin don kada a ɗauke, ko kuma ya hana mai shi ganinsa don tsokana. Kalmar mini ɗaya ce, amma a fuska ta farko mai magana yana cikin sirrin, a ta biyu shi aka rufe. Wannan ne ya sa bai kamata malami ya ce wa yara “ɓoye” a (6) kuskure ne ba. Hausa ce ingantacciya, kuma ko a cikinta mutum na ukun yana nan, ba a ambace shi ba ne kawai. Ga yaran da Hausa harshensu na biyu ne, kamar 'ya'yan Gbagyi da Kamuku da Fulani da ke zama aji ɗaya da 'ya'yan Hausawa a yankin, wannan harshen damo na bukatar a tsaya a kansa musamman.

4.0 Shekarun Yaro da Hanyar Koyarwa

Fahimtar ɓoye ta dogara da yaro ya gane cewa abin da ya sani wani zai iya rashin saninsa. Gwajin Wimmer da Perner na 1983 ya nuna cewa sai daga wajen shekara huɗu yara ke fara iya faɗin inda mutum zai nemi abu da aka sauya wa wuri a bayan idonsa. Iyaye sun san wannan ba tare da gwaji ba: ɗan shekara biyu kan rufe idonsa da hannu ya ɗauka ya ɓuya. Ɗan aji ɗaya na firamare ya wuce wannan mataki, don haka ana iya gina darasin a kansa, kuma da Hausa, kamar yadda Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanada ga azuzuwan farko.

Darasin ba ya bukatar kayan aiki. Malami ya ɗora alli a kan tebur a gaban kowa, ya tambaya me ya yi. Sai ya fitar da yaro ɗaya waje, ya mayar da allin ƙarƙashin hularsa, ya sake tambaya, ya kuma ƙara da cewa in wancan ya shigo ina zai duba. Daga nan yara da kansu za su fito da tambayoyi biyu da ke raba kalmomin: ga ajiya a tambayi “sai yaushe?”, ga ɓoyo a tambayi “wa ba a so ya sani?”. Wasan ɓuya da suke yi da dare a dandali ya riga ya koya musu rabin wannan.

Mataki na gaba shi ne mai nauyi, kuma a ganina shi ya sa darasin ya cancanci lokacin aji. Tarbiyyar Hausa tana yabon zurfin ciki da rufin asiri, har ana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Yanayin tsaro ya ƙara wa wannan ƙarfi, tun da tsoron infoma ya sa ana gargaɗin yaro kada ya faɗa wa baƙo inda shanu suke ko ranar da mahaifinsa zai tafi kasuwa. Gargaɗin daidai ne. Haɗarin shi ne yaron ya ɗauka duk wanda ya ce masa “ɓoye wannan” amana ya ba shi. Mutumin da ya ba yaro kuɗi ko waya ko saƙo ya ce kada uwarsa ta sani, da kalmar gida yake amfani, amma ya juya ta: ya sa iyaye a gurbin wanda ake ɓoye wa. Don haka tambayar “wa ba a so ya sani?” tana da amfani biyu. In amsar ita ce baƙo ko ɓarawo, kuma iyaye sun san da maganar, wannan ɓoyon ajiyar gida ce. In amsar ita ce inna ko baba ko malam, yaron ya san abin da zai kai gida ne a ranar.

Makarantar Islamiyya tana da kayan da za su taimaka a nan, ko da yake ba kasafai ake haɗa su da darasin Hausa ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ta kawo hukuncin ajiya da na tsintuwa a babi ɗaya, ta kuma wajabta cigiyar abin da aka tsinta har shekara guda. Wato mai tsintuwa yana ajiye abin, amma an hana shi ɓoye shi. Aya ta 283 a Suratul Baƙara ita ma ta haɗa mayar da amana da hani ga ɓoye shaida. Sai dai tsintuwa a bakin daji tana da hukunci na uku da ya kamata a faɗa wa yaro ɓaro-ɓaro: harsashi, ko wani ƙarfe da bai san ko mene ne ba, ba a ajiye shi, ba a ɓoye shi, ba a ma taɓa shi, babba ake kira.

4.1 “Sun Ajiye Makamai”

A ƙarshen Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka karɓi wasu 'yan bindiga da suka amince da sulhu, aka kuma sake buɗe kasuwar shanu da ta daɗe a rufe. Jimlar da ta cika rediyo a lokacin ita ce “sun ajiye makamai”. Ajiye a nan yana cikin ma'anarsa ta barin abu, irin ta “ya ajiye aiki”. Amma kalmar tana ɗauke da sauran ma'anoninta: sa abu a ƙasa, da kuma adana shi don wata rana. Ɗaliban aji biyar da shida sun ji wannan jimla, sun kuma ji yadda manya ke muhawara a kanta a zaure. Malami na iya rubuta ta a allo, ya rubuta “sun miƙa makamai” da “sun ɓoye makamai” a ƙarƙashinta, ya nemi ɗalibai su faɗi, a kowace jimla, hannun wa bindigar take, kuma wa ya san inda take.