Motar Kara da Motar Katako

Duk wanda ya ratsa Dalijan, ko wani gari na ƙasar Gwandu, bayan an gama girbin dawa, sa'ad da kara ya bushe aka jibge shi bayan gidaje domin danni da makamashi, da wuya ya rasa ganin yara sun tattaru a gindin bango, kowa da reza ko guntuwar wuƙa, suna feƙe ɓawon kara suna soka shi cikin ɓargo, har su tayar da mota mai ƙofa da bodi, wadda aka yanko ƙafafunta daga sakaina ko tsohon silifa. Waɗanda suka ɗan tasa su kan bar kara su koma ga langa-langa da gwangwanin madara. Manya kuwa galibinsu ba su ɗauki abin a bakin kome ba, iyakarsu su ce a kauda shara daga ƙofar gida, alhali a wata ƙasa irin wannan wasa ne aka yi wa ƙa'ida da mizani da alƙalai, har ya zama babban rukuni na tarbiyyar yara.

Ƙungiyar Sikawut, wadda Baden-Powell ya aza harsashinta a Ingila cikin 1907, ta kuma iso Nijeriya cikin 1915, tana da sashe na ƙananan yara waɗanda ba su isa shiga sahun manya ba. Wani shugaban irin wannan sashe a garin Manhattan Beach na jihar Kalifoniya a Amurka, mai suna Don Murphy, da ya ga ɗansa bai kai shekarun shiga tseren amalanken da samari ke zama ciki suna gangarowa daga tudu ba, sai ya yi tunanin a ƙanƙanta abin, a mai da shi motar da za ta zauna a tafin hannu. Ran 15 ga Mayu 1953 aka yi tseren farko, aka sa masa suna Pinewood Derby, kuma tun daga nan bai yanke ba.

Tsarinsa kuwa ba wuya. Ana ba kowane yaro guntun katako mai taushi, da ƙafafu huɗu, da ƙusoshi huɗu waɗanda ƙafafun za su riƙa juyawa a kansu, ya tafi gida ya sassaƙa yadda ya ga dama, ya goge, ya shafa fenti, bisa sharaɗin kada tsawon motar ya wuce inci 7, kada kuma nauyinta ya haura oza 5, watau kimanin giram 142. Ba inji, ba batir, ba roba mai ja. Ranar tsere sai a auna kowace mota a gaban jama'a, sa'an nan a jera su a kan wani dogon falanki mai gangara, wanda tsawonsa kan kai wajen mita 10, a saki marikinsu lokaci guda, cikin daƙiƙa 3 ko kusa da haka an san wanda ya riga.

To, a nan hikimar take. Tun da ƙarfin da ke tura motocin duka ɗaya ne, watau jan da ƙasa ke yi wa kowane abu mai nauyi, kuma an daidaita su a ma'auni, babu abin da ya rage wa yaro sai tadbiri. Wanda ya haƙa rami ya cusa ƙarfen ƙarin nauyi can wajen bayan motarsa zai fi wanda ya sa shi gaba, domin a kan gangara bayan mota ya fi gabanta tudu, nauyin da ya faro daga sama kuwa ya fi samun nisan faɗowa, saboda haka idan an sauko fili motarsa na da sauran ƙarfi sa'ad da ta abokinsa ta fara sanyi. Amma in ya zarce ya kai nauyin ƙurya, sai gaban ya yi sakayau, motar ta riƙa rawa tana bugun gefen hanya, ya yi hasarar abin da ya samu. Haka kuma ƙusa: wadda aka fito da ita daga masana'anta tana da ɗan kaushi a ƙarƙashin kanta, wanda ido ba ya kula da shi sai an shafa da farce, kuma wannan ɗan kaushin kaɗai ya isa ya ci tsere, shi ya sa ake goge ta har ta yi sheƙi, a barbaɗa mata garin baƙin abin nan da ke cikin fensir maimakon mai, gama mai na kama ƙura. Yaron da ya gane waɗannan da yatsunsa ya riga ya karanta babi guda na ilmin kimiyya tun malami bai rubuta shi a allo ba.

Ba a ce abin ba shi da aibi ba. Su kansu Amurkawa sun daɗe suna kuka da iyayen da son nasara kan ɗebe su, su karɓe aikin daga hannun yaro su ƙera masa da na'urorinsu, yaro ya zama ɗan kallo a tseren da aka shirya dominsa. Mu namu aibin kishiyar wannan ne: yaronmu shi ke yin kome da kansa, tun daga zaɓen kara har ɗaura zare, amma ba babban da zai tsuguna ya tambaye shi dalilin da ya sa ƙafa ɗaya ke karkacewa. A ganina namu ya fi sauƙin magani.

Malamin firamare ko shugaban Sikawut da ya yi niyyar gwada wannan a Dalijan ko Kalgo ba ya bukatar a aiko masa da kome daga ƙetare. Kafintoci na zubar da guntayen farin katako kullum, ƙusa tana kasuwa, sikeli kuwa ana iya aronsa na yini guda, falanki biyu ko uku da aka haɗa aka jingina a kan tebur sun isa hanya, in an kafa siririn itace a tsakiyar kowane layi don kada mota ta bauɗe. Abu guda ne zan ja kunne a kansa: kada a bar yaro ya fasa tsohon batir ya ciro darma don ƙarin nauyi, ko da yake ita ce za ta fara zuwa a zuciya, domin guba ce, kuma maƙwabtanmu na Zamfara ba su manta da ɗaruruwan yaran da ta hallaka a ƙauyukan Anka da Bukkuyum cikin 2010 ba. Noti da guntun ƙarfe daga wurin makanike sun wadatar.

Sa'an nan, tun da yake babu falankin da layukansa za su zama daidai wa daida, adalci shi ne kowace mota ta bi kowane layi sau ɗaya, a tara sakamakon, a kuma ware wa masu motar kara nasu rukuni dabam, inda za a duba kyan ƙira da ƙarfin haɗi, gama kara ba shi da nauyin da zai yi gudu da katako a kan gangara.