Sa wa tsohuwar mota klim: a mahaɗin tiyo ake yin asara

Daga watan Maris zuwa faɗuwar damina, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a jihar Maraɗi, masu gyaran klim na mota ba su samun hutu. Cikin masu zuwa wurinsu har da direbobi da ƴan kasuwa daga Cadakori, Gidan Rumji, Agye da Gazawa, waɗanda motocinsu ke cin kasuwannin ƙauye. Wata Hilux ce da ta fito daga kamfani ba klim, wata Hiace ce da aka sauya wa inji, wata kuma ta zo hannu na biyu daga Turai kayan sanyinta sun mutu. Sai a harhaɗa: kompireso daga wannan mota, kondansa daga waccan, tiyo kuma a yanka daidai tsawon da ake so.

Mai mota yakan sa ido a kan kompireso, don shi ne mai tsada. Amma idan sanyi ya ɗauke bayan sati biyu ko uku, sau da yawa kompireso lafiyarsa lau. Gas ne ya zurare ta mahaɗi, wato ƙarfen da ke bakin tiyo, wanda makanikai ke kira rakor.

Klim ɗin mota rufaffiyar da'ira ce, gas ba ya ƙarewa kamar mai. A gefen da kompireso ke zuƙa, matsin bai wuce bar 2 zuwa 3 ba. A gefen da yake turawa zuwa kondansa kuwa yakan kai bar 15, kuma da tsakar rana, mota a tsaye, ƙura ta toshe kondansa, yana iya haura 20. Tayar ƙaramar mota bar 2 da ɗan wani abu take ɗauka. Wannan ya isa ya nuna abin da ya sa tiyon ruwa da kolye mai kusa, irin na radiyata, ba su da wurin zama a nan, ko da sun riƙe a ranar farko.

Tiyon klim lamba gare shi, kuma kowace lamba da aikinta. Lamba 6, mai faɗin ciki kusan milimita 8, ita ke ɗaukar gas bayan ya koma ruwa. Lamba 8, kusan milimita 10, tana fita daga kompireso zuwa kondansa. Lamba 10, kusan milimita 13, ita ke maido gas daga cikin mota zuwa kompireso; a manyan motoci akan sa lamba 12, mai milimita 16. In aka sa ƙaramin tiyo a hanyar dawowa don shi aka samu a shago, kompireso zai yi ta wahala sanyi kuma ba zai kai ba.

Inda aka fi faɗawa shi ne kaurin tiyon. Akwai mai kauri na da, akwai kuma siriri, wanda ya fi sauƙin lanƙwasawa a matsattsen wuri. Faɗin cikinsu ɗaya, lambarsu ɗaya, amma faɗin waje ya bambanta. Kowanne da hular ƙarfen da ake matse shi da ita, da kuma haƙoran injin matsewa da suka dace da shi. Hular mai kauri a kan siririn tiyo tana matsuwa da kyau a ido, a ja da hannu ba ta fita, amma gas yana bi ta ƙarƙashinta a hankali. Don haka ya fi kyau a sayi tiyo da mahaɗinsa wuri ɗaya, a kuma duba jikin tiyon: mai kyau yana ɗauke da rubutun SAE J2064.

Sai bakin da ke shiga jikin kompireso ko kondansa. Kayan da ake sayarwa don kowace mota, irin kompireso Sanden 508 da aka saba ɗorawa, yawanci zarensu na inci ne, irin na Amurka. Motocin Japan kuwa sun fi amfani da baki mai faifai da ake ɗaurewa da kusa ɗaya, ko zare na milimita. Zaren inci da na milimita sukan kama juna zagaye ɗaya ko biyu, sai mai gyara ya ƙara ƙarfi da sifana, aluminiyom ya cinye. Wanda zai aika a sayo masa kaya a Maraɗi ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ya aika da tsohon mahaɗin. Hoton WhatsApp ba ya nuna zare.

Irin gas ma yana da ta cewa. Motocin da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1990 da R12 suka fito, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina. R134a ya maye gurbinsa, shi ne ya cika garejinmu. Tun 1 ga Janairun 2017 kuma duk sabuwar ƙaramar mota da aka sayar a Tarayyar Turai ba ta amfani da R134a, yawancinsu R1234yf ne a ciki, kuma irinsu na shigowa hannu na biyu. Kowane gas da irin bakin da ake cika shi, da gangan aka bambanta su don kar a gauraya. Tsohon tiyon R12 ba shi da shimfiɗar nailan a ciki, R134a na iya ratsa shi. Zoben roba da ke cikin mahaɗi, wanda ake kira jowan, shi ma ya sauya: na R134a yawanci kore ne, kuma ana shafa masa ɗan man kompireso kafin a sa. Baƙin zobe na famfo ba ya jure wannan mai da wannan zafi. Zoben da aka cire kuma ba a maida shi, komai kyansa.

Hanyoyinmu na ƙara nasu. Mota mai barin kwalta ta RN1 ta shiga rairayi da gargada tana girgiza inji, kompireso kuma a jikin inji yake, kondansa a jikin mota. Tiyon da aka ja ya miƙe tsaf zai tsage a gindin mahaɗi. Ana barin masa ɗan sassauci, a nisanta shi daga bututun hayaƙi, a ɗaure shi inda zai goga ƙarfe. Mahaɗi mai kusurwa 45 ko 90 ya fi a tilasta wa tiyo lanƙwasa. Kafin a kai wurin matsewa, a gwada komai a jikin motar, a ja layi da alƙalami daga tiyo zuwa hula, domin da zarar an matse ba ya juyawa.

Kafin a biya kuɗin gas, mai mota na da ikon neman abu biyu. Na farko a gwada da iskar azot a ga ko allurar agogo za ta sauka. Na biyu a zuƙe iska da famfo na aƙalla rabin awa, a kashe, a jira. Man da ke tafiya da R134a yana shan danshi da sauri, shi ya sa ba a barin bakin tiyo a buɗe, kuma ake sa sabuwar kwalbar tace danshi duk lokacin da aka buɗe da'irar ta daɗe. In allura ta motsa, akwai yoyo, kuma wurin da aka ga mai ya jiƙa ƙura a gindin mahaɗi nan za a fara dubawa.