Ma'aikacin da Hankalinsa Ke Saurin Rabuwa

'Yan'uwa, akwai wata larura da likitoci ke kira ADHD. Mai ita yana da basira kamar kowa, sai dai ƙwaƙwalwarsa tana wahalar tace abin da ke shigowa. Ƙarar janareta, sallamar baƙo, hirar abokan aiki, duk suna fizgar hankalinsa daga abin da ke gabansa. In an katse shi a tsakiyar lissafi, sai ya koma farko. Mu kuwa mukan yi saurin ce masa rago, har wani ya rasa abincinsa a kan haka.

A Amurka, dokar nakasassu ta 1990 ta wajabta wa mai ma'aikata 15 ko fiye ya yi wa mai nakasa gyara daidai gwargwado a wurin aiki. A Nijeriya ma, dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta hana nuna wa masu nakasa bambanci.

Gyaran ba ya cin kuɗi sosai. Mu ɗauke teburinsa daga bakin ƙofa, mu kai shi lungun da ba a yawan wucewa. Mu ba shi umarni a rubuce, aiki ɗaya bayan ɗaya, domin saƙon baka yakan ɓace masa a hanya. Mu ware masa awa biyu da safe, ba waya, ba aike. Yawan aikin yana nan yadda yake, hayaniyar kawai aka rage.

Kafin mu matsar da komai, mu tambaye shi a keɓe. Wani shiru tsit ne ke damunsa, ya fi natsuwa in fanka na juyawa.