Ƙwayar da aka binne

(Sautin hayaniyar kasuwar Kurmi, ya lafa a hankali)

Shirinmu na musamman yau daga cikin ganuwar Kano yake zuwa muku, kan wata tambaya da ta girmi badala: idan an kai mutum makwanci, jikin nan nasa ya tafi ke nan?

Wajen shekarar 1867, zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, aka tsire wani malami mai suna Malam Ibrahim a kasuwar birnin nan. Karatunsa na Alƙur'ani ne ya kai shi ga ba Annabi Isa wani matsayi da malaman fada suka ga ya wuce gona da iri. Almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka watse, wasu suka nufi duwatsun Ningi. Su dai ba Kiristoci ba ne a lokacin. Sai a 1913 wasu daga zuriyarsu suka iske Likita Mila, ɗan mishan na Ingila, a Zariya, suka karɓi addinin Kirista, suka kafa ƙauye a Gimi. Ba su daɗe ba ciwon barci ya auka musu, ya yi musu ɓarna mai yawa. Waɗanda suka tsira suka koma Zariya, daga bisani Wusasa.

(Kiɗan garaya, a taƙaice)

To, wanda ya binne 'yan uwansa ɗaya bayan ɗaya, me zai riƙe? Kirista zai ce maka tashin matattu. A aƙidarsu, an gicciye Yesu Almasihu, wato Annabi Isa, ranar Juma'a, aka sa shi a kabari, ranar Lahadi da asuba mata suka tarar kabarin wayam. Suna cewa da jikinsa ya tashi, har almajiransa suka ga tabon ƙusa, ya kuma ci abinci a gabansu. Wannan shi ne bikin Ista da majami'un Sabon Gari ke cika maƙil dominsa kowace shekara.

Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta fari ga Korintiyawa, ya kamanta jikin mamaci da iri. Manomin Dawakin Kudu ba ya buƙatar tafinta a nan: ƙwayar gero yake turbuɗewa a ƙasa, zangarniya yake girba. Tun 1932, da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, ake karanta wannan misali a bakin kabari da harshenmu.

Musulmin cikin birni ma ya yi imani da tashin ƙiyama, ranar da za a tayar da jikkuna, gaɓoɓi su ba da shaida. Alƙur'ani ya buga misali da busasshiyar ƙasa da ruwan sama ke rayarwa. Inda hanya ta rabu shi ne kan Annabi Isa: Musulunci ya ce ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, Allah ya ɗauke shi. Kirista kuwa ya ce ya mutu, ya tashi, kuma tashinsa ne ya karya lagon mutuwa.

Saɓanin babba ne, kowa kuma ya san nasa. Amma ko daga wace ƙofa aka fito da makara, masu ɗauke da ita sun yarda ajiya suke kai wa ƙasa, kuma Mai ita zai nema.

A nan za mu dasa aya. Allah ya sa mu cika da kyau. A huta lafiya.